Jita Ɗaya, Kiɗa Biyar: Yadda Wani Makaɗi a Kaduna Ya Zaɓi Amfilifaya

## Asalin lamarin

Makaɗin jita ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mazaunin kudancin Kaduna. Ƙungiyarsu mutum shida ce: mai doram, mai bes, mai fiyano, mawaƙa biyu, sai shi. Idan bikin Hausawa ne sukan ɗauko mai kalangu ya zama na bakwai. Yawancin aikinsu bukukuwan aure ne a ɗakunan taro, daga Malali da Unguwar Rimi har Barnawa da Sabon Tasha. Suna kuma da wasan daren Juma'a a wani lambun shaƙatawa, sai ɗaukar sauti jefi-jefi a situdiyo, idan mawaƙi ya gaji da jitar da ke cikin fiyano yana son ta gaske.

A Kaduna makaɗin biki ba ya zama da salo ɗaya. A dare guda ƙawayen amarya za su nemi waƙar soyayya ta Hausa, abokan ango su nemi hailaif ko sukus, wani dattijo ya aiko a yi masa rege, can kuma wani baƙo daga Nijar ya ce a taɓa masa jitar Agadas. Kowanne da irin muryar jitar da yake so. Hailaif da sukus suna son sauti garau mai ƙyalli, da ɗan maimaici a bayansa. Rege yana son sara gajere, busasshe, mai yankewa nan take. Waƙar soyayya tana son sauti mai laushi da faɗi wanda ba zai yi kokawa da fiyano ba. Salon Agadas yana son sautin da ya fara dishewa amma bai rikiɗe ba. Na biyar shi ne solo mai gurnani da dogon numfashi, wanda ake buƙata minti ɗaya ko biyu a tsakiyar waƙa.

Jitarsa ƙirar Stratocaster ce, mai fikof uku masu naɗi ɗaya, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya. Amfilifayarsa kuwa, wato akwatin da ke ɗaga sautin jita, ta koyo ce tun yana ɗalibi: mai tiransisto, wat 15, lasifika ɗaya mai inci 8. Yana da feda guda ta distoshon, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa ta sa sautin jita ya yi gurnani. Ba shi da mota, keke napep yake ɗauka zuwa wurin aiki.

## Oktoba: inda matsalar ta bayyana

A tsakiyar Oktoba suka yi wasa a ɗakin taro mai cin mutum wajen 300. Amfilifayar tana ƙasa, bayan ƙafafunsa. Da mai doram ya buɗe hannu, jitar ta ɓace. Ya murɗa bolum zuwa 8, sai sautin hailaif ɗin da ya kamata ya fito garau ya koma kamar ana yaga sabuwar shadda. Bayan an tashi shugaban ƙungiya ya ce masa ko dai ya nemo abin da za a ji shi, ko mai fiyano ya riƙa cike gurbinsa.

Abin da ya faru a cikin akwatin ba boyayye ba ne. Kowace amfilifaya tana da iyakar da za ta iya ɗaga sauti ba tare da ta lalata shi ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarfin da ake kaɗawa da wannan iyaka ita ce rarar ƙarfi. Saran tsirkiya na farko ya fi sauran sautin ƙarfi sau da yawa, don haka shi ke fara bugun rufi. Ƙaramar amfilifaya mai tiransisto tana datse kan wannan sara a miƙe, kunne kuma ya ji shi a matsayin tsatsa.

Makaɗin ya yanke cewa wat ne ya yi masa kaɗan, kuma mafita ita ce ya ninka shi. Lissafin bai tsaya a nan ba. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku, sai an ƙara desibel 10, wato wat ya ninku sau goma. Lasifika ma tana da nata rabon: wadda ta fi wata kuzari da desibel 3 daidai take da an ninka wat ɗin amfilifaya ba tare da an taɓa ta ba. Lasifikar jita mai inci 12 tana yawan bayar da desibel 97 zuwa 100 daga wat ɗaya a nisan mita ɗaya, abin da ƙaramar mai inci 8 ba ta kaiwa.

## Nuwamba: gwaji biyu da ba su ci kuɗi ba

Da farko ya bar amfilifaya a gida, ya jona jita da fedarsa kai tsaye cikin miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta tura wa lasifikun taro, tunda dai lasifikun taro sun fi kowace amfilifaya girma. Biki biyu aka yi haka. Sautin garau ya fito a mace, ba ƙyalli. Dalili shi ne fikof ɗin jita yana son ƙofar shiga mai turjiya babba, wajen om miliyan ɗaya, alhali ƙofar layi ta miksa ba ta wuce om dubu goma zuwa ashirin ba, sai ta shanye siraran sautin. Da ya taka feda kuma sai abin ya juye: sautin ya koma ƙugin zuma a cikin gwangwani. Lasifikar jita tana zubar da kusan duk abin da ya haura haz 5,000, kuma a can saman ne ƙazantar distoshon take. Lasifikar taro tana da tiwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siraran sauti, ita kuwa ba ta ɓoye komai. Ga shi kuma ba su da isasshiyar lasifikar da ke fuskantar makaɗa, don haka shi kansa ba ya jin abin da yake kaɗawa.

Daga nan ya aro Roland JC-120 daga wani tsohon makaɗi a Kakuri. Wannan amfilifaya ta fito tun 1975, wat 120 ce, lasifika biyu masu inci 12, kuma har yau da ita ake misali idan ana zancen sauti garau da korus, wato adon da ke faɗaɗa sauti ya yi kamar jita fiye da ɗaya. Hailaif, sukus, rege da waƙar soyayya duk sun zauna daram. Salon Agadas da solo ne suka ƙi, domin ba don gurnani aka san ta ba, fedarsa guda kuma ba za ta iya ba da dishewa kaɗan da gurnani mai yawa a lokaci ɗaya ba. Nauyinta wajen kilo 28 ne. Mai keke yakan caje ta kuɗin fasinja biyu, hawa bene da ita sai mutum biyu. Bayan mako uku mai ita ya buƙaci kayarsa.

## Disamba: amfilifaya mai bawul

Disamba watan aiki ne. A makon farko ya kwashe abin da ya tara ya sayi amfilifayar gwanjo mai bawul, wato kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila da tsofaffin rediyoyi ke amfani da su. Wat 40 ce, lasifika ɗaya mai inci 12, manyan bawul 6L6 guda biyu, ƙanana 12AX7 guda uku. Daga Amurka aka shigo da ita, saboda haka an rubuta a bayanta bolt 120, haz 60, cin wuta wat 180. Wutar Najeriya bolt 230 ce, haz 50. Mai shagon ya haɗa masa da ƙaramar taransifomar rage wuta mai wat 200.

Mako biyun farko sautin ya burge kowa. Bawul ba ya datse sauti a miƙe, lanƙwasa shi yake yi sannu a hankali, shi ya sa salon Agadas ya fito yadda ake so: ya sassauta hannu ya ji garau, ya danna ya ji dishi. Amma ƙorafe-ƙorafe uku sun biyo baya. Daɗin amfilifayar ba ya fitowa sai an ɗaga ta, kuma a wannan matsayi ta fi ƙarfin ƙaramin ɗaki, mawaƙan suna cewa ta danne su. Tashoshinta biyu maɓallan bes, midil da tirebul ɗaya suke amfani da su, don haka in ya gyara wa hailaif sai solo ya yi tsini, in ya gyara wa solo sai hailaif ya dushe. Na uku, taransifomar rage wutar tana yin zafin da ba a iya ɗora mata hannu bayan awa biyu. Wat 200 a kan kaya mai cin 180 ba rara ke nan. Ƙa'idar masu gyara ita ce a ninka, wato a nemi mai wat 400 zuwa 500. Taransifomar da ke cikin amfilifayar ma, da yake don haz 60 aka naɗa ta, takan fi ɗumi a kan haz 50.

A mako na uku wani ƙaramin bawul ya fara kuwwa: a ɗan ƙwanƙwasa akwatin sai a ji ƙarar a lasifika. Girgizar keke a kan hanya ce ta sassauta cikinsa.

A makon ƙarshe na watan aka yi ɓarnar. Yaron da ke ɗaukar musu kaya ya ga filogi mai baki biyu, ya sa masa adafta, ya cusa a soket ɗin da kowa ke jona kaya. Fis ya tsinke nan take, wanda shi ne aikinsa. Saura minti ashirin amarya ta shigo, wani ya naɗe fis ɗin da takardar azurfa ta kwalin sigari ya mayar, ba tare da an lura cewa taransifomar rage wutar tana cikin jaka ba. Aka kunna. Daƙiƙa kaɗan hayaƙi ya taso.

Washegari aka kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a Tudun Wada. Ya kwance murfin baya, ya sunkuya ya shinshina, ya zaro fis ɗin da ɗan hantsaki ya ɗaga shi sama, takardar ta yi baƙi ta manne da gilashin.

"Malam, wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wallahi Baba, sauri ne ya ja. Amarya na bakin ƙofa."

"To ai fis ɗin nan mai gadi ne. Ya ga ɓarawo ya yi ihu, kuka toshe masa baki."

Naɗin farko na taransifomar wutar da ke cikin amfilifayar ya ƙone, kafasito biyu sun kumbura. Bawul ɗin da ke son bolt 6.3 a zaren ɗuminsu sun sha kusan ninki biyu. Dattijon ya aika taransifomar kasuwar Panteka a sake naɗa ta, wannan karon a kan bolt 230, don a huta da na'urar rage wuta gaba ɗaya. Manyan bawul biyun kuwa ba a same su a gari ba, sai da aka yi oda daga Legas, kuma dole su zo a matsayin tagwaye masu awo ɗaya, sannan a daidaita musu wutar zamansu bayan an sa. Ya kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa hannu ciki ko da an cire filogi, domin kafasitocin irin wannan amfilifaya suna riƙe bolt 400 ko fiye. Gyaran ya ɗauki mako biyar. A tsawon wannan lokaci da aro da haya ya yi aiki.

## Janairu: awo kafin saye

Shugaban ƙungiya ya yarda ya ba shi rance, bisa sharaɗin ba za a sake sayen komai ba sai an zauna da mai gyara da injiniyan sautin da suke yawan aiki da shi. Abu na farko da suka yi shi ne auna wuta. Makaɗin ya riƙa tafiya da mita, yana aunawa a soket ɗin dandamali kafin wasa da tsakiyarsa, a wurare huɗu.

A situdiyo bolt 221 ne, ba ya motsi sosai. A lambun shaƙatawa, inda janareta ke aiki, yana lilo tsakanin 205 da 238 duk sanda firji ya tashi ko ya tsaya. A wani ɗakin taro, da ƙarfe takwas na dare a kan wutar gari, 176 aka samu. A ɗaki na huɗu awon lafiya lau, amma sau biyu aka sauya daga wutar gari zuwa janareta ana tsakiyar waƙa. Biyu daga cikin wuraren huɗu soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa: ramin na uku yana nan, amma ba a jona shi da komai ba.

Sai suka rubuta abin da aikin ke buƙata, ba abin da makaɗin ke sha'awa ba. Sauti garau da ba zai karye ba ko mai doram ya buɗe hannu, wanda ke nufin lasifika mai inci 12 da wat 50 zuwa 100 in mai tiransisto ce. Sauti biyar da za a sauya da ƙafa, kowanne da nasa bes da tirebul. Ƙofar fita zuwa miksa wadda ba za ta kashe lasifikar amfilifayar ba. Bolt 220 zuwa 240 a rubuce a jikinta. Nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu ɗaya, jita a ɗaya hannun. Injiniyan ya ƙara da cewa a ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don kayan kariyar wuta, kada a zuba duka a kan akwatin.

## Fabrairu: gwajin amfilifaya uku

Ba a shago aka yi gwajin ba. A shago mutum shi kaɗai yake kaɗawa, a hankali, kuma kowace amfilifaya daɗi take yi. An samo guda uku ta hanyar aro da ajiye jingina, aka kai su ɗakin da ƙungiyar ke atisaye. Jita ɗaya, waya ɗaya, kujera ɗaya da ake ɗora kowacce a kai. Injiniyan ya daidaita ƙararsu da manhajar auna sauti ta waya kafin a fara, saboda kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙara ya ce ita ta fi daɗi. Aka kaɗa waƙa biyar, salo biyar, da cikakkiyar ƙungiya.

Ta farko Peavey Bandit 112 ce ta gwanjo, mai tiransisto, wat 80, ƙirar bolt 230. Ƙarfinta ya wadatar, tashoshinta biyu kowacce da nata maɓallan gyaran sauti, kuma dattijon mai gyara ya fi son ta domin kayan cikinta irin waɗanda yake iya canzawa ne ɗaya bayan ɗaya. Sai dai sauti biyu take bayarwa, ba biyar ba. Kafin a samu maimaici da korus da dishewa kaɗan sai an ƙara feda uku, kowacce da wayarta da wutarta, kuma kowace mahaɗa wuri ne da matsala za ta iya ɓullowa. Nauyinta ya doshi kilo 20.

Sauran biyun 'yan gida ɗaya ne, Boss Katana, jerin da ya fara fitowa a 2016 aka sabunta shi a 2019 da sunan MkII. Irin amfilifayar nan ce da ke kwaikwayon muryoyin amfilifaya daban-daban da ƙaramar kwamfuta a cikinta, sannan tiransisto ya ɗaga sautin. Kowaccensu tana da murya biyar da ake zaɓa da maɓalli, da maimaici, korus da amsa-kuwwa a ciki.

Katana-50 ita ce mafi sauƙin ɗauka, kilo 11 da ɗoriya, kuma ba ta ji kunya a gaban doram ba, ko da yake a sukus mai sauri sautin garau ya fara matsewa. Abu biyu suka fitar da ita. Ma'ajiyar sautinta huɗu ce, alhali sauti biyar ake buƙata. Sannan ƙofar fitarta ita ce ta abin sawa a kunne, da zarar an cusa waya lasifikarta ta yi shiru, ke nan in an aika wa miksa makaɗin ya rasa abin da zai ji kansa da shi.

Katana-100 tana da ma'ajiya takwas, da ƙofar fita ta daban mai kwaikwayon lasifikar jita wadda ke aiki tare da lasifikar akwatin, da maɓallin rage ƙarfi mai matsayi wat 100, wat 50 da rabin wat. Tana karɓar matakin ƙafa na GA-FC mai maɓalli shida. Nauyinta bai kai kilo 15 ba, cin wutarta bai kai wat 100 ba. A salon Agadas makaɗin ya ce ba ta bin hannunsa kamar mai bawul. Mai bes da mawaƙan biyu, da suka koma ƙarshen ɗakin suka saurara, ba su ji bambancin da zai dame su ba. Ita aka zaɓa.

## Maris: saye, da tuntuɓen farko

An saye ta a makon farko na Maris, tare da matakin ƙafa, da sitabilaiza mai VA 1,000 mai jinkirin kunnawa, da akwatin DI da ake sawa tsakanin amfilifaya da miksa, da riga mai kauri da wani tela ya ɗinka mata. Kafin a biya an duba bayanta an ga bolt 230.

Wasan farko bai yi kyau ba. Makaɗin ya kwana uku yana shirya sautukansa a ɗakinsa, da dare, a kan rabin wat. A ƙaramar ƙara kunne ba ya jin bes da tirebul sosai, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933, don haka mai gyara sauti a hankali yakan cika su. Da aka ɗaga a ɗakin taro sai bes ɗin jitar ya hau kan na mai bes, tirebul ya riƙa soka kunne, amsa-kuwwar da ya zuba ta haɗu da ta ɗakin mai tayil da gilashi, komai ya cakuɗe. Mafi muni, sautukan ba su yi daidai a ƙara ba: solo ya fi hailaif rauni, sai ya zama daidai lokacin da ya kamata ya fito shi ne yake nutsewa. Ga kuma wani gunji mai kauri da ya shiga lasifikun taro da zarar an jona ta da miksa.

An ware atisaye guda, awa uku, don gyara wannan kaɗai, da cikakkiyar ƙungiya, amfilifayar a kan wat 50. Ga inda aka tsaya, ana karanta maɓallan kamar hannun agogo.

Ma'ajiya ta ɗaya, hailaif da sukus: muryar garau, gein (maɓallin da ke ƙara dishi da gurnani) ƙarfe 10, bes ƙarfe 9, midil 12, tirebul 1. Maimaici ɗaya zuwa biyu, a ƙasa da asalin sautin. Tsawonsa ana samun sa ne da raba 60,000 da saurin waƙa: waƙa mai bugu 120 a minti tana ba da milisekan 500, wato rabin daƙiƙa, kashi uku cikin huɗu na wannan shi ne 375, kuma wannan awon ne ke sa layin sukus ya yi kamar jita biyu ke kaɗawa. Fikof na gada da na tsakiya a haɗe. Ta biyu, rege: murya ɗaya da ta farko, an cire maimaici, amsa-kuwwa kaɗan ƙwarai, domin saran rege a yankewarsa daɗinsa yake. Ta uku, waƙar soyayya: fikof na wuya, korus mara zurfi, bes ƙarfe 9, an ɗan rage midil don a bar wa fiyano da murya wuri. Ta huɗu, solo: muryar gurnani, gein bai wuce ƙarfe 12 ba, midil ƙarfe 2, an ɗaga ƙararsa desibel 3 sama da sauran. Gein mai yawa yana murƙushe saran tsirkiya, sai solo ya yi daɗi a ɗaki ya ɓace a taro. Midil ne ke ratsa doram da fiyano.

Salon Agadas an bar shi a kan maɓallan fuskar amfilifayar, waɗanda matakin ƙafa ke da maɓalli na musamman da ke komawa kansu: muryar dishi, gein ƙarfe 10 da rabi, midil 2, sauran aikin na maɓallin bolum ɗin jita ne. Saboda maɓallan kan juya a cikin keke, an ɗiga wa kowanne alama da jan farce.

Gunjin kuwa iri biyu ne. Na farko ya fito ne daga haɗuwar wayar ƙasa ta amfilifaya da ta miksa ta hanyoyi biyu, abin da ke jawo haz 50 na wutar gari cikin sauti. An bi da shi ta akwatin DI: gajeriyar waya daga amfilifaya zuwa akwatin, doguwar waya mai baki uku zuwa miksa, a danna maɓallin raba ƙasa da ke jikinsa. Wani ya ba da shawarar a karya dogon ƙarfen filogin amfilifayar, aka ƙi, domin wannan ƙarfen ne ke hana wuta bi ta tsirkiya zuwa jikin makaɗi ranar da wani abu ya lalace a ciki. A wuraren nan biyu marasa wayar ƙasa, injiniyan yana jawo wutar dandamali duka daga layi ɗaya da miksa, kuma yana auna tsakanin tsirkiya da kan makirufo kafin kowa ya kai baki. Gunji na biyu na fikof mai naɗi ɗaya ne, yana ƙaruwa kusa da cajar waya, fitilun ado da wayar janareta. Matsayi na biyu da na huɗu na maɓallin zaɓen fikof a jitar suna kashe shi, sauran kuma an sa musu mai toshe hayaniya daga manhajar amfilifayar, a ƙaramin mataki don kada ya yanke wutsiyar sauti.

An daina ajiye ta a ƙasa. Lasifika mai inci 12 tana harba siraran sauti a miƙe kamar tocila, don haka in tana ƙasa gwiwoyin makaɗi ne ke jin su, shi kuma ya yi ta ƙara tirebul yana azabtar da teburin gaba. Yanzu a kan kujera take, an ɗan kwantar da ita baya tana kallon kunnensa, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Tsarin kunnawa shi ma an kafa shi: janareta ya tashi ya daidaita, sitabilaiza, miksa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ita ce farko.

## Afrilu zuwa Yuni: sakamako

A wata ukun nan ƙungiyar ta yi wasa 19. Sau ɗaya amfilifayar ta mutu a tsakiyar waƙa, lokacin da aka sauya zuwa janareta, sitabilaiza ta riƙe wutar na 'yan daƙiƙoƙi kamar yadda aka tsara ta, sannan komai ya dawo. Ba a taɓa bukatar matsayin wat 100 ba sai a wasa biyu na fili. A zafin Afrilu ana barin tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da bango, ba a barin ta a rana. Ƙurar da ta shiga ramin jona jita ta sa shi ƙarar ƙas-ƙas, aka fesa masa maganin wanke mahaɗar lantarki, ba man inji ba. Da damina ta kankama an ƙara leda a cikin rigar. Shugaban ƙungiya bai sake ɗaga zancen mai fiyano ba, kuma an biya rancen a ƙarshen Yuni.

Amfilifaya mai bawul ta dawo daga gyara tun farkon Fabrairu. Tana situdiyo, inda wuta ke tsaye kuma ba mai girgiza ta, ana ɗaukar sautinta da makirufo Shure SM57 a gefen tsakiyar lasifika. Duk aikin Agadas da za a naɗa, da ita ake yi.

## Hukunci

Gwaje-gwajen farko sun faɗi ne saboda kowannensu amsar tambaya ɗaya ce cikin biyar. Miksa ta amsa ƙara, JC-120 ta amsa sauti garau, mai bawul ta amsa daɗi a hannu. Babu wanda ya tambayi wutar ɗakin taro, ko mai keke, ko yaron da ke jona kaya, sai bayan an yi asara. Mai bawul ɗin ba muguwar amfilifaya ba ce, kuma ba ita ta ƙona kanta ba. Amma kayan da kuskuren yaro ɗaya zai kwantar da shi mako biyar, bawul ɗinsa kuma sai daga Legas, bai dace da mai wasa kowane mako ba. Da tun ranar saye aka sake naɗa taransifomarta zuwa bolt 230, da hayaƙin Disamba bai tashi ba, ko da yake matsalar maɓallan da tashoshi biyu ke rabawa tana nan.

Ita ma wadda aka zaɓa ba ta yi aiki don sunanta ba. A wasanta na farko ta fi ta aro muni. Awa ukun da aka ɓata ana daidaita ƙarar sautuka biyar da cikakkiyar ƙungiya, da ɗora ta a kan kujera, da akwatin DI, su suka mayar da ita abin amfani. Makaɗin da salonsa biyu ne kawai, ko wanda ke zaune nesa da inda ake samun sabbin kaya, Bandit ɗin ta fi masa, kuma da hujja dattijon ya fi son ta.

Hujjar tasa har yanzu tana tsaye. Ya faɗa wa makaɗin ƙarara cewa fis, soket, maɓalli da lasifikar Katana duk zai iya gyarawa, amma ranar da allon kwamfutar cikinta ya mutu ba shi da abin yi sai a nemo wani allon. Saboda haka an kwafe sautukan biyar an adana a kwamfutar injiniyan, an kuma rubuta awonsu a takarda an manna a cikin rigar. Tsohuwar mai wat 15 ba a sayar da ita ba: tana tafiya kowane wasa a ƙarƙashin kujerar mai doram, da makirufo guda da aka ware mata.